Gani Ya Kori Ji: Waya Ba Ta Yi Wa Kare Ƙarin Ruwa

'Yan'uwanmu mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Ikko, da na Sabo a Badun, da na Shagamu, da na Anacha da Fatakwal, yau za mu yi magana a kan abin da wasunku za su ce bai kai a ɓata masa tawada ba, watau kare da abin da yake kasayarwa. To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Wanda ya bar iyali a Arewa ya taho neman abinci ya san cewa idan dare ya raba, bayan Allah, babu mai tsaron ƙofar gidansa sai wannan dabba. Wanda kuma yake aikin gadi a gidan wani attajiri a Ikoyi ko Lekki ya san cewa ranar da karen maigida ya mutu a hannunsa, ranar ce aikinsa zai bi karen. Saboda haka maganar ta shafi barcin iyali, ta kuma shafi abincin baki.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata sabuwar al'ada da ta shigo mana tare da wayar hannu, ta neman magani daga wurin mutumin da bai ga majiyyaci ba, bai taɓa shi ba, bai ma san ko yana da rai a lokacin da yake rubuta amsa ba. Ana yin wannan ga mutane, ana yi ga kaji da awaki, amma babu inda ɓarnarta ta fi saurin bayyana kamar a kan karen da ya fara kashin jini.

Bari mu ɗauki misali daga Daɗin Kowa, unguwar nan da ke kan hanyar Jos zuwa Bukur, a ƙaramar hukumar Jos ta Kudu. Unguwa ce da ta yi suna wajen zaman lafiya, domin Musulmi da Kirista sun riƙe juna a cikinta a shekarun 2001 da 2008 da 2010, lokacin da wasu unguwannin Jos suka kama da wuta. Duk da haka, kamar ko'ina a birni, ɓarayi ba su hutu, don haka gidaje da yawa suna da karen gadi. A ce maigida yana Ikko yana sayar da dankalin Turawa da kabeji, ya aiko da kuɗi aka sayi ɗan kwikwiyo mai wata uku. Wata safiya uwargida ta bugo waya ta ce kwikwiyon nan ya ƙi cin abinci tun jiya, yana amai, yanzu kuma yana zawo da jini mai wari. Maigida ya ce ta ɗauki hoton kashin ta turo. Ya tura hoton ga wani mai lambar waya da ya tsinta a Facebook ko WhatsApp, wanda ya sa farar riga a hotonsa, ya rubuta wa kansa sunan likita. Ya tura kuɗi. Kafin minti goma amsa ta zo: a je kemis a sayo kafso mai ja da rawaya, da maganin atuni, da maganin tsutsa, a ɗura masa safe da yamma. Aka ɗura, ya amayar. Aka sake ɗurawa, ya sake amayarwa. A rana ta uku yara suka tarar da shi a sandare a bayan ɗaki. Maigida ya ce ƙaddara ce, ya sake aiko da kuɗi, aka sayo wani kwikwiyon aka ɗaure shi a daidai inda na farko ya mutu. Kafin mako biyu shi ma ya bi sahu.

Duk wanda ya zauna a Jos ya taɓa jin irin wannan labari. Tambayar ita ce, me ya kashe karnukan nan biyu, kuma me ya sa mai farar riga na cikin waya bai iya ceton ko ɗaya ba?

Amsar ita ce, jini a kashin kare alama ce kawai, kamar hayaƙi. Hayaƙi yana iya fitowa daga murhu, yana iya fitowa daga rumbun da ya kama. Abubuwan da ke sa kare kashin jini suna da yawa, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan komai.

Na farko kuma mafi muni ga ƙananan karnuka shi ne ciwon da likitocin dabbobi ke kira fabo. Ƙwayar cutar da ke kawo shi ta bayyana ne a duniya a 1978, kuma cikin shekaru biyu kacal ta game nahiyoyi. Ta fi kama kwikwiyon da ke tsakanin mako shida da wata shida wanda ba a yi wa rigakafi ba. Idan ta shiga jiki takan yi kwana uku zuwa bakwai a ɓoye, sa'an nan ta far wa fatar cikin hanji ta saɓule ta, ta kuma far wa ɓargo, inda jiki ke ƙera sojojinsa na jini. Daga nan ruwan jiki ya riƙa tsiyayewa ta amai da zawo, ƙazantar cikin hanji kuma ta sami ƙofar shiga jini. Kwikwiyo yana iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku da fara ciwon. Babu kafson kemis da ke kashe wannan ƙwaya. Abin da ke ceton rai shi ne ƙarin ruwa ta jijiya, da allurar tsayar da amai, da allurar da ke tare ƙazantar da ta shiga jini, da jinya ta kwanaki a wuri mai ɗumi. Littattafan likitocin dabbobi sun nuna cewa idan aka bar ciwon ba jinya, yana iya kashe tara cikin goma, amma idan aka kai asibiti da wuri, mafi yawansu suna tashi. Ƙwayar kuma tana da taurin rai: tana zama a cikin ƙasar tsakar gida watanni da yawa, wani lokaci har shekara, tana bin tafin takalmi da kwanon abinci. Wannan shi ne abin da ya kashe kwikwiyo na biyu. Mai farar riga bai faɗa wa maigida haka ba, domin wanda bai gane ciwo ba yaya zai yi gargaɗi a kansa?

Na biyu, tsutsar ciki mai ƙugiya, wadda ke manne wa hanji tana zuƙar jini. Kwikwiyo yana samun ta tun daga nonon uwarsa. Kashinsa ya koma baƙi kamar kwalta, dasashinsa ya yi fari fat. Ana gane ta ne idan aka sa ɗigon kashin a ƙarƙashin madubin likita aka ga ƙwayayenta.

Na uku, maganin ɓera. Akwai irinsa da ke hana jini daskarewa, kuma ba ya nuna kansa sai bayan kwana uku zuwa biyar da ci, lokacin da kowa ya manta an zuba shi a bayan buhun masara. Makarinsa wani sinadari ne da ake kira bitamin K1, wanda ake bayarwa har tsawon makonni, wani lokaci ma sai an yi ƙarin jini. Kafso mai ja da rawaya ko an ɗura kwali guda ba zai tsayar da wannan zubar jini ba.

Na huɗu, ciwon da kaska ke kawowa, wanda ke rage ƙwayoyin da ke toshe rauni a cikin jini, har kare ya riƙa haɓo ko kashin jini. Sai an ɗebi jini an auna ake tabbatar da shi, maganinsa kuma yana ɗaukar kusan mako huɗu. Na biyar, ƙashin kaza ko wani tsinke da ya tsaya a hanji, ko hanjin da ya cusa kansa cikin ɗan'uwansa, wanda ba shi da magani sai tiyata. Na shida kuwa, mu da kanmu: magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen da diclofenac suna ƙwaƙule cikin kare su sa shi zubar da jini, har su lalata masa ƙoda. Sau nawa aka ba kare irin waɗannan da sunan taimako?

To, jama'a, ga dalilai shida, ga hoto guda ɗaya da aka ɗauka da waya a cikin duhun asuba. Ta yaya mutumin da ke zaune a wani gari zai dubi wannan hoto ya zaɓi ɗaya cikin shida? Likitan gaskiya yakan sa ma'aunin zafi, domin zafin jikin kare lafiyayye yana tsakanin digiri 38 da 39 ne, kuma hawansa ko faɗuwarsa labari ne. Yakan ɗaga leɓe ya dubi launin dasashi. Yakan ja fatar wuya ya saki ya ga ko za ta koma da sauri, don ya san yawan ruwan da jiki ya rasa. Yakan matsa ciki da yatsunsa ya ji ko akwai ƙulli. Yakan ɗauki ɗan kashin ya sa a wani ɗan faranti na gwaji, wanda cikin kamar minti goma zai nuna ko fabo ne. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bin iska ya shiga waya. Wanda ya rubuta magani bai yi su ba, caca ya yi, kuma da kuɗinka da ran dabbarka ya yi ta.

Mun san abin da masu kare wannan sana'a za su ce. Za su ce ai Turawa ma suna yi, zamani ne ya zo da shi. Gaskiya ne suna yi, amma da linzami. A Ingila, ƙa'idar da majalisar likitocin dabbobi ta ƙasar ta fitar a 2023 ta ce ba a rubuta wa dabba maganin kashe ƙwayoyin cuta sai an duba ta ido da ido, in ban da a wani hali na larura, kuma duk likitan da ya karɓi jinyar dabba daga nesa dole ya tanadi inda za a kai ta a gani, dare ko rana. A yawancin jihohin Amurka ma doka ta fi son likita ya fara ganin dabbar kafin ya rubuta mata magani. Mu kuwa mun ɗauko wayar mun bar linzamin a can. Bugu da ƙari, shawarar da ake kwafowa daga shafunan ƙasashen waje an rubuta ta ne don mutanen da karnukansu suka sha rigakafi tun suna jarirai, kuma asibiti na kusa da su. Idan irin wannan shafi ya ce a jira kwana ɗaya a gani, ba da kwikwiyon Daɗin Kowa yake magana ba, wanda kwana ɗayan nan shi ne tsakaninsa da rami.

Za su ce asibiti da tsada, talaka ba zai iya ba. Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma a yi lissafi. Kuɗin mai farar riga, da kuɗin kemis, da kuɗin kwikwiyo na farko, da na biyu, a tara su wuri guda a auna da kuɗin allurar rigakafi sau uku. Araha ba ta ado. Wanda ya guje wa biyan kuɗin rigakafi ya biya kuɗin gawa sau biyu.

Wasu kuma daga cikinmu za su ce, kare ne fa, mene ne abin damuwa? Ga waɗannan muna cewa, malamanmu sun halatta riƙon kare don farauta da kiwo da gadi, kuma babu addinin da ya yarda ka ɗaure dabba tana yi maka aiki, sa'an nan ka zuba mata ido tana mutuwa a wulaƙance. Wanda kuma tausayi bai motsa shi ba, to, ya dubi 'ya'yansa. Ciwon fabo na kare ba ya kama mutum, wannan gaskiya ne. Amma 'ya'yan tsutsar nan mai ƙugiya suna huda tafin ƙafar yaron da ke yawo ba takalmi a inda kare ya yi kashi. Kuma karen da bai taɓa ganin likita ba don ciwon ciki, shi ne dai karen da bai taɓa shan allurar ciwon hauka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka daga cizon kare suke samunsa. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai a yi haƙuri. Jihar Filato kuwa mahaɗar karnuka ce: a kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke ake tara karnuka daga sassan Arewa da ƙasashen maƙwabta, a loda su zuwa Kudu. Inda karnuka ke kai da komo haka, cuta ma tana kai da komo.

Akwai wata ɓarnar da ba a gani da ido. Duk lokacin da aka ɗura kafso ba bisa ƙa'ida ba, ga kare ko kaza ko mutum, ana koya wa ƙwayoyin cuta yadda za su bijire masa ne. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Kafson da aka ɓarnatar a kan kwikwiyo yau, ɗan'uwansa ne za a nema gobe idan yaro ya kwanta.

Yanzu bari mu zo inda abin ya fi ciwo. Daga Daɗin Kowa, idan ka bi ta Bukur, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba za ta kai ka Vom. A Vom ɗin nan ne aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi tun 1924, bayan an taso da aikin daga Zariya, don yaƙi da ciwon bushiya da ke share garken shanu. A 1975 aka mayar da shi Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa. Dattawanmu makiyaya ba su manta da bushiyar 1983 ba, kuma sun ga ranar da aka yi shelar kawar da ita daga doron ƙasa a 2011. Lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006, Vom aka dosa da samfur. A can ake yin allurar rigakafin haukan kare, a can kuma akwai kwalejin tarayya da ke horar da malaman dabbobi. Jami'ar Jos ma tana da tsangayar koyar da likitancin dabbobi. Cibiyar da ta cika shekara ɗari a 2024 tana bayan gidanka, amma kai kana tura hoton kashin karenka ga baƙon da ba ka san garinsu ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa!

Sai dai kada a ɗora wa talaka laifin duka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da a ce kowace ƙaramar hukuma tana da asibitin dabbobi mai rai, mai likita a zaune, mai firjin da ke aiki, mai kayan gwaji, da mai farar riga na cikin waya bai sami kasuwa ba. Allurar fabo daga waje ake shigo da ita, kuma dole ta zauna cikin sanyi tsakanin digiri 2 da 8 tun daga masana'anta har zuwa jikin kare. Inda wuta ke ɗaukewa kwana da kwanaki, kuma kowane mai shago ke sayar da ita, mutum yana iya biyan kuɗin rigakafi a tsira wa karensa ruwan banza. Dokar likitocin dabbobi ta 1969 ta ce babu mai kiran kansa likitan dabbobi sai wanda sunansa ke cikin rajistar Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya. Doka tana nan a takarda. Ina masu zartar da ita?

Don haka muna kira ga Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya, wadda aka ƙirƙiro a 2024, da Gwamnatin Jihar Filato, da ita Majalisar Likitocin, da su yi abu uku. Na ɗaya, a sauƙaƙa wa kowa hanyar duba sunan likita a rajista ta wayarsa, da Hausa da sauran harsuna, a kuma gurfanar da masu sojan gona. Na biyu, a fitar da ƙa'ida a fili cewa ba a rubuta wa dabba maganin kashe ƙwayoyin cuta ta waya ba tare da an gan ta ba. Na uku, a farfaɗo da asibitocin dabbobi na unguwanni da firji mai aiki da hasken rana, a kuma riƙa bi unguwa-unguwa ana yi wa karnuka allura kowace shekara, ba sai ranar 28 ga Satumba ta zagayo a yi jawabi a watse ba. Duniya ta sa wa kanta wa'adin 2030 don kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon mahaukacin kare. Da jawabi ba za a kai ba.

Ku kuma 'yan'uwa da ke Kurmi, ba mu ce ku jefar da waya ba. Waya manzo ce, kuma manzo yana da aikinsa. Ranar da kuka je gida, ku nemi likitan dabbobi mai rajista, mai wurin zama da za a iya zuwa a same shi, ku karɓi lambarsa ku bar wa iyali. Idan za a sayi kwikwiyo, a tambayi katin allurarsa. A fara rigakafi yana mako shida zuwa takwas, a maimaita bayan kowane mako uku ko huɗu har ya kai mako goma sha shida, kada kuma a bar shi ya yi cuɗanya da karnukan waje kafin a gama. A yi masa ta ciwon hauka idan ya kai wata uku. A ba shi maganin tsutsa tun yana mako biyu bisa umarnin likita, a riƙa cire masa kaska, a ɗauke maganin ɓera daga inda bakinsa zai kai. Idan aka bugo muku waya aka ce ga jini a kashi, musamman idan kwikwiyo ne, ko akwai amai, ko ya kwanta ba ƙarfi, ko dasashi ya yi fari, ko kashin ya yi baƙi, to, amsarku ɗaya ce: a ɗauke shi yanzu a kai wa likita, a tafi da ɗan kashin a leda, kada a ɗura masa komai daga kemis. Ku bugo wa likitan ku gaya masa ana zuwa, ku tura kuɗin kai tsaye zuwa gare shi. Idan aka tabbatar fabo ne, a ware sauran karnuka, a kwashe ƙazantar, a wanke daɓe da kwanuka da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi talatin na ruwa, kada kuma a kawo sabon kwikwiyon da bai gama allura ba cikin wannan gida sai likita ya yarda. Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti goma sha biyar, a wuce asibiti a ranar.

Kai kuma ɗan'uwa mai gadi, idan ka ga jini a kashin karen maigidanka, kada tsoro ya sa ka ɓoye ka shiga neman magani a waya. Faɗa masa nan take, a gaban shaida in da hali. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan ka faɗa da wuri, ciwon kare ne. Idan ka ɓoye ka ɗura masa kafso ya mutu, ya zama laifinka.

Kakanninmu sun ce zuwa da kai ya fi saƙo, sun faɗi haka tun ba a san za a yi waya ba. Wanda ke Ikko ba zai iya zuwa da kansa ba, amma yana iya sa a kai karen inda hannu zai taɓa shi. Wanda ya ƙi, ya ci gaba da tura hoto, to, ya tanadi kuɗin kwikwiyo na uku.